Amsar da Ban Ba Gwaggo Asabe Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, domin ba yadda zan ba da labarinta ban tona wa kaina asiri ba.

Sana'arta tsintsiya. A tsakar gidanta da ke unguwar Abakpa mata biyar ke zama suna gyaran ciyawa suna ɗaurewa, ita kuma tana bin tsintsiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa. Wadda ta zubar da tsinke ko ɗaya, sai a kwance a sake. Da wannan sana'a ta ɗauki nauyin karatuna, har na samu aiki a wani ofishin gwamnati a unguwar Doka, sashen ciniki da ƙasashen waje.

Babban mai sayen kayanta wani dattijo ne daga Maraɗi. Wata rana ya ce mata zai daina zuwa, don abin da ake karɓa a hannunsa da sunan haraji kafin ya tsallaka iyaka yana cinye ribar. Washegari Gwaggo ta same ni a ofis, zuwanta na farko.

"Ɗan nan, an ce mini kayan aikin hannu ba a biya musu kuɗin fito tsakaninmu da maƙwabta. In gaskiya ne, rubuta mini a takarda in ba shi ya riƙa nunawa."

Abokan aikina biyu na zaune, ɗaya ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sai na ji kamar in nutse. Na ce, "Haba Gwaggo, nan maganar jiragen ruwa da kwantena ake yi. Wa zai sa tsintsiya a littafin haraji?"

Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Littafin yana kan teburina. Ban ko buɗe shi ba.

Dattijon ya daina zuwa. Tsintsiyar roba mai dogon mariƙi ta shigo daga waje ta cika shagunan Malali. Matan suka watse, saura biyu. Gwaggo ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Bayan rasuwarta da shekara uku, ina neman wani abu daban a littafin nan, sai ga ta: tsintsiyar tsinke da ta ciyawa, da layinta da lambarta kamar kowace haja. Na bincika, na tarar abin da aka gaya wa Gwaggo game da yarjejeniyar ƙasashen yankinmu gaskiya ne. Wataƙila takardata ba za ta hana masu shingen hanya miƙa hannu ba. Amma tambaya ta yi mini, amsar tana gabana, girman kai ya hana ni dubawa.

Yau 'yan mata na tallar tsintsiya a waya, suna aika wa 'yan ƙasarmu mazauna Turai. A wani taron 'yan kasuwa da ofishinmu ya shirya bara, har tafi na yi wa ɗaya daga cikinsu. Da Gwaggo na nan, na san ba za ta ce komai ba sai ta karɓi tsintsiyar ta girgiza tukuna.

Watan jiya na je wajen Hajara, wadda ta rage cikin matan, tana nan tana ɗauri irin na Gwaggo, ta kuma koya wa 'ya'yanta. Na kai mata bayanin a rubuce, na gaya mata abin da na yi. Ta karɓi takardar, sannan ta ce, "Ai ranar da ta dawo, ce mana ta yi ba ta same ka ba, wai ka fita aikin gwamnati."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya rufa mata asiri ranar gobe.