Sarƙar Babur ɗin Baba

Babur ɗin Babanmu tun daga kwanar masu tsire ake jin zuwansa. Kacau, kacau, kacau. Sarƙarsa ce ta saki, tana dukan gwangwanin da aka rufe ta da shi. Daga kwanar zuwa ƙofar gidanmu a Samaru akwai ramuka uku da kwata, Baba kuma ba ya shiga rami da gudu, don haka idan ka ji ƙarar kana da kamar minti biyu. A cikin minti biyun nan nake jefar da sandar sunuka, wasan nan na buga ƙwallaye a kan tebur, in haura katangar bayan shagon da muke wasan, in bi ta lungun masu awara, in faɗa ɗaki in buɗe littafin lissafi. Wata rana ma a juye na buɗe shi.

A shekarar ne na faɗi jarrabawar gama sakandare, faɗuwa mai kyau, wadda ba a gardama a kanta. Baba malamin firamare ne a Sabon Gari, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya duba takardar, ya ninke ta, ya ce zan sake rubutawa. Sai ya ƙara da cewa duk ranar da ya sake ganina a wurin sunuka, ko sau ɗaya, zai kai ni ƙauyenmu ta wajen Ikara in yi wa Baffa, ƙanensa, noman barkono har damina ta fita. Na san ƙauyen nan. Babu wuta, sabis ɗin waya kuma sai ka hau kan tudun bayan coci ka ɗaga hannu kamar mai karɓar albarka.

Ba ni kaɗai nake cin arzikin ƙarar nan ba. Yayata takan tsaya a ƙofar gida da wani ɗan mawaƙan coci mai takalmi mai tsini, da an ji kacau sai ka ga mutumin ya zama mai wucewa. Mama ma in tana gidan maƙwabciya suna kallon fim, da ƙarar take sanin lokacin dawowa ta ɗora ruwan tuwo. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma duk gidan a kan sarƙar nan muke rayuwa.

Wata Asabar da safe Baba ya turo babur tsakar gida, ya ajiye ledar sifanu a ƙasa.

"Kai, zo nan. Tunda kan ya ƙi lissafi, mu gani ko hannun zai karɓi sifana. Ɗaure mini sarƙar nan, ta ishe ni."

Na tsaya ina kallon sarƙar da ke cetona kullum. Abin haushin kuma na iya aikin, domin akwai hutun da na ƙare shi ina zaman banza a garejin wani abokina a Muchia. Na ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Na cire 'yar robar da ke toshe ramin gwangwanin, na sa yatsa. Sarƙar tana lilo kamar igiyar shanya.

Yayata ta zo wucewa da bokiti, ta rage murya. "Malam injiniya, ka bar mata wurin numfashi."

Mama kuma daga bakin murhu ta ce, "Kada ka matse ta da yawa, ka san tsohuwa ce."

Na sassauta babban notin taya. Akwai ƙananan noti biyu a baya, dama da hagu, su ne ke jan tayar baya sarƙa ta miƙe, kuma dole ka juya su daidai da juna, in ba haka ba babur ya riƙa tafiya a karkace kamar karen da aka jefa. Ina juyawa ina lissafi, irin lissafin da ban taɓa yi a aji ba. Biyu gaba, ɗaya baya idan Baba ya kalli wani wuri. Na juya tayar da hannu, na shafa baƙin mai, na yi ta goge abin da ba ya bukatar gogewa. Zufa har cikin ido.

"Na gama, Baba."

"Sauke shi ƙasa."

Na sauke. Ya hau ya zauna, domin sai da nauyin mutum ake sanin gaskiyar sarƙa. Sai ya sunkuyo daga kan kujerar, ya zura yatsarsa a ramin, ya ɗaga, ya sake.

"Wannan ai ka gaishe ta ne kawai. Wasanta kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Ƙara."

Ashe mutumin nan ya san aikin sarai. Na ƙara yana zaune yana kallon hannuna. Na nemo wurin da ta fi tsauri, na daidaita a nan, na ɗaure babban noti, na gyara birkin baya. Ya tayar, ya zaga layi ya dawo. Shiru, sai ɗan gurnanin inji. Yayata ta kalle ni kamar na sayar da gidan.

Mako guda ban huta ba. Ina wurin sunuka amma kunnena yana kan titi. Kowane babur na Baba ne. Na haura katanga saboda ɗan acaɓa, na haura saboda mai kawo burodi, har wandona ya yage a gwiwa. Ƙwallon da makaho zai jefa a rami ni sai in zubar. Yaran shagon suka sa mini suna ɗan tsalle. In na zauna a gida kuma littafin yana kallona ina kallonsa.

Ran Lahadi bayan an taso coci, Baba ya kwanta ya ɗan huta. Na samo marfin kwalbar lemo guda biyu, na huda su da ƙusa, na zura waya, na ɗaure su ta cikin ramin gwangwanin yadda sarƙa za ta riƙa taɓa su. Na mayar da roba. Ran Litinin da yamma na ji shi daga kwana, cakar, cakar, siririyar ƙara amma ta isa. Na riga shi gida da minti guda. A ranar har na ji ina ganin girman kaina.

Ran Talata na saki jiki. Saura baƙin ƙwallo in cinye wasa, na kwanta a kan tebur, na rufe ido ɗaya. Sai wani hannu mai alli a farce ya ajiye marfin kwalba biyu a kan koren ƙyallen, daidai gaban sandata. Ɗaya lafiyarsa lau. Ɗayan ya lanƙwashe, duk sawun haƙoran ƙarfe a jikinsa.

Baba ya ce, "Na ji sabuwar ƙara, na ɗauka aikinka ne ya kwance, na tsaya wurin bakanike. Wannan ya riga ya tsinke ya shiga haƙori. A Kwangila, kan babban titi, na ji tayar ta riƙe ta sake, tirela tana bayana."

Na ajiye sandar a gefen tebur. Tirelar kawai nake gani. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri."

"Ƙarasa wasanka. Asabar za mu tafi."

Ban ƙarasa ba.

Asabar ɗin na hau bayansa da jakata a cinya. Mama ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli, yayata ta ce in gaishe da barkono. Mun yi nisa da gari sai ya tsaya a gindin wata ɗorawa, bai sauka ba, ya ce in duba sarƙa. Na durƙusa, na cire roba, na sa yatsa. Gaɓa ɗaya cif.

"Daidai take."

"Na sani. Hannunka yana da kyau, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi." Ya sauka, ya ciro ledar sifanun daga ƙarƙashin kujera ya miƙo mini. "Baffanka yana da injin ban ruwa da ke ba shi wahala. Riƙe."

Na yi wata huɗu a can. Na gyara injin, na ɗaure sarƙar kusan kowane babur a ƙauyen, na yi noma har tafin hannuna ya daina jin zafin sifana. Gudu kuwa ban samu na yi ko sau ɗaya ba. Baffa a ƙafa yake zuwa gona, da takalmin roba, sai dai kawai ka ga inuwarsa a kanka.