Kunnen Daman Uwar Biyu

Uwar Biyu tela ce, ko kuma a ce ta taɓa zama tela, don yanzu keken ɗinkin nata ya koma teburin ajiye magunguna. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, wanda duk layin ke kira Direba, duniyarta ta dawo ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai igiyar shanya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi da babbar mota, sai ya yi sati ba a ga ƙeyarsa ba, shi ne yau ko juyi ba ya iya yi sai da hannunta.

Harshensa ma ya yi nauyi, in zai yi magana sai ka kai kunne bakinsa. Ɗaya daga cikin tagwayen nata ne ya kawo dabara: aka ba Direba cokalin ƙarfe, in yana son wani abu ya buga a jikin ƙarfen gado. Yaron ya kawo dabararsa, kowa ya yaba masa, ya hau mota ya koma garin da yake aiki. Cokalin kuwa ya zauna.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ruwa. Ƙwan, ƙwan. Fitsari. Wani lokaci matashi ne ya zame, wani lokaci ƙuda ne ya dame shi, wani lokacin kuma shi kansa bai san me yake so ba, so yake kawai ya ga mutum. Tana banɗaki za ta ji, tana salla za ta ji, ta ɗora tukunya za ta ji. Biki, suna, ta'aziyya, duk ta daina zuwa, har mutane suka gaji suka daina gayyatarta. 'Ya'yan suna ƙaunar ubansu, wannan ba a musu, amma ƙaunar ta waya ce. "Umma, Allah ya ba ki lada," in ji su, sai su kashe.

Ta fara cusa auduga a kunne don ƙarar ta rage shiga mata kai. Audugar ta riƙa tura dattin kunne can ciki, tsinken ashana da take sosawa da shi ya ƙarasa aikin. A hankali kunnen hagu ya dushe, na dama kuwa ya toshe ɗif. A nan Uwar Biyu ta gano wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba. Bayan azahar, in ta ba shi abinci, ta goge masa jiki, ta gyara masa kwanciya, sai ta shiga ɗayan ɗakin ta shimfiɗa tabarma ta kwanta a kan kunnen hagu. Shi ke nan, duniya ta ɗauke. Ba cokali, ba rediyon maƙwabta, ba kowa. Ba ma barci take yi ba, kallon bango kawai take. Wannan ɗan lokacin shi ne abu ɗaya da ya rage nata a gidan, kuma tana jin kunyar yadda take son sa.

Sai ranar da Auta, ƙaramar 'yarta mai aiki a kantin magani, ta shigo da rana ta tarar da uban a ƙasa tsakanin gado da bango, kofin ruwa a kife kusa da shi, goshinsa ya kumbura. Uwar tana ɗayan ɗakin a kwance.

"Umma, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya yi yana bugawa ba ki ji ba! In da wani abu ya same shi fa?"

Uwar Biyu ta sunkuya, suka kama shi suka mayar kan gado. Auta ta kawo ɗan kwalbar man zaitun, ta ce uwar ta riƙa ɗigawa a kunne safe da yamma don dattin ya yi laushi, ta kuma karɓo mata rana a asibitin kunne. Maƙwabciya ta yarda ta zauna da Direba, bayan ta jaddada sau uku cewa kada su daɗe.

Ɗakin asibitin ƙarami ne, ba taga, sai kujera mai kwantawa da wani madubin hange da ke rataye a jikin dogon ƙarfe. Ma'aikaciyar da za ta yi aikin ba yarinya ba ce, ta kusa sa'ar Uwar Biyu, ga ta da sanyin hannu. Ta nuna mata wani ɗan mazurari baƙi da siririn bututun ƙarfe wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba.

"Mama, ba ruwa za mu zuba ba. Wannan zuƙowa yake yi, ni kuma ina kallo ta madubi. Za ki ji ƙara kamar iska, wataƙila ki yi tari. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki motsa."

Kada ki motsa. Uwar Biyu ta kusa yin dariya. Rabon da wani ya ce mata haka har ta manta.

Aka fara da hagu. Bututun ya shiga da sanyinsa, ƙara ta cika mata kai, wani abu ya riƙa motsi can ciki yana tirjewa. Ta yi tari, ma'aikaciyar ta dakata, sannan ta ci gaba. Can sai fut, abin ya fito, baƙi, kamar ƙwallon dabino da aka tauna. Nan take ɗakin ya cika da ƙananan sautuka: fankar sama, takun wani a baranda, ƙarar awarwaron Auta. Har numfashin kanta ya ba ta tsoro.

"To, juyo min na daman."

Uwar Biyu ta ɗora tafin hannu a kan kunnen. "Wannan a bar shi."

"Haba Umma!" in ji Auta. "Shi ne fa ya fi toshewa."

"Na ce a bar shi. Ba ya damuna."

Ma'aikaciyar ta dube ta, ta dubi Auta, sannan ta ce, "'Yan mata, ɗan jira mu a waje." Da ƙofa ta rufu ta ja kujerarta kusa. "Zafi kika ji?"

"A'a."

"To mene ne?"

Uwar Biyu ta faɗa mata. Ba ta yi niyya ba, maganar ce ta zubo: cokalin, tabarmar, bangon da take kallo. Ta ce, "Ba gudunsa nake ba, wallahi. Amma in kika buɗe wannan, ba ni da inda zan shiga."

Ma'aikaciyar ta ajiye bututun. "Kunnenki ne, Mama. In ba ki yarda ba, ba zan taɓa ba. Ga 'yarki kuma ba zan ce komai ba sai abin da kika ce."

Da ma ma'aikaciyar ta matsa mata, da ya fi sauƙi. Da sai ta yi fushi da wani. Yanzu ga ƙofa an buɗe mata, ita kuma ba abin da take gani sai goshin Direba a kumbure da kofin nan a kife. Sannan ta cire hannunta, ta juya kai da kanta.

"Cire."

Na daman ya fi taurin kai. Sai da aka haɗa da ɗan ƙugiya, hawaye na bin gefen fuskarta, ma'aikaciyar ta yi kamar aikin ne ya jawo su. Da ta miƙe jiri ya ɗan kwashe ta, aka zaunar da ita kafin su fito. A titi kowace mota kamar a cikin kanta take wucewa. Auta sai murna take: "Kin ji ko, Umma? Kin dawo sabuwa!"

Washegari bayan azahar ta yi duk abin da ta saba, ta shiga ɗayan ɗakin ta kwanta a kan kunnen hagu, don jiki ya riga ya saba. Komai na gidan ya biyo ta har tabarma. Famfo na ɗiga. Katifar Direba ta yi ƙara. Ta ji ya laluba, ta ji ɗan karon cokali da zobensa, ta kasa kunne tana jiran ƙwan ɗin farko.

Bai zo ba. Sai ta ji ya mayar da cokalin kan katifa a hankali. Ya yi nishi ƙasa-ƙasa, irin na mai danne abu. Katifar ta sake ƙara, farcensa ya karci gefen tebur, yana miƙa hannunsa mai lafiya wajen kofi.

Ta tashi ta same shi ya karkato har rabin jikinsa ya bar gado. Ta tallabe shi ta mayar, ta ba shi ruwan, ta goge masa haɓa.

"Baban Biyu, me ya hana ka bugawa?"

Ya kawar da ido.

"Ran da ka faɗi, ka buga?"

Leɓensa ya yi ta kokawa da maganar. A da sai ta sunkuya ta kai kunne bakinsa. Yau daga tsaye ta ji shi sarai.

"Ban buga ba. Lokacinki ne."

Uwar Biyu ta tsaya da kofi a hannu. Ashe ya sani, tun can ya sani. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don a da cokalin kaɗai take saurare, yanzu kuwa har shirunsa sai ta saurara. Ta koma ɗayan ɗakin ta naɗe tabarmar, ta kawo ta shimfiɗa a gindin gadonsa.