Delbert da Akwatin Ƙuri'a

Shekara arba'in da ɗaya Delbert Krug, mai gyaran famfo, yana hawa benen shagon ƙusoshi a ƙaramin garinsu na Iowa, inda 'yan ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Mason ke taro duk Talatar farkon wata. Duwatsu biyu ne a zauren, ɗaya gargaje, ba a sassaƙa ba, ɗaya an sassaƙe shi sumul. Ranar da ya shiga aka ce shi ne gargajen, aikinsa ya sassaƙe kansa, don barin sata da ƙarya kowa ma ya iya. To, Delbert ya sassaƙa har ya gaji. Bakin da ya saba zagin mai kawo wasiƙa ya koyi shiru, gwiwoyi sun ƙare, amma ƙulli ɗaya ya ƙi fita.

Ƙullin shi ne Lonnie, wanda ya saki 'yar Delbert ya bar ta da yara biyu. Yanzu ya daina shan giya, yana neman shiga ƙungiyar.

"Jefa masa baƙi a akwatin ƙuri'a ka huta, tsoho," in ji matarsa Arlene, tana tura masa farantin dankali. "Wa zai sani?"

"Ni."

"Sannu waliyyi! Ci abincinka."

A wajen zaɓe kowa zura hannu yake cikin akwati a ɓoye, ya jefa ɗan katako fari ko baƙi. Fari a karɓi mutum, baƙi ɗaya tak ya rufe ƙofa. Kuma doka ta hana kowa faɗin abin da ya jefa, har ya mutu.

Delbert ya daɗe gaban akwatin. Baƙin mai kusurwa ne, da taɓi ake gane shi, kuma ya yi masa daɗin riƙewa. Ya tsani Lonnie, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma abin tambaya shi ne ko mutumin ya gyaru, kuma ya gyaru. Ya saki baƙin, ya jefa fari.

Shugaba ya buɗe, ya leƙa. "Akwai baƙi. Ba a karɓe shi ba."

Duk idanu suka komo kan Delbert. Wajen shan kofi abokinsa Merle ya dafa kafaɗarsa.

"Ba komai, ɗan'uwa. Ni ma da 'yata ce, abin da zan yi ke nan."

"Ba ni ba ne" ta zo masa har bakin haƙori. Ya haɗiye ta da kofin da ya huce, ya dafa bango ya fara saukowa taki-taki. Ranar Asabar Lonnie zai zo ɗaukar yaran, kuma irin wannan kallon zai yi masa.