Na Hana Matata Yaren da Ba Na Ji

A lokacin ina malamin firamare a Samaru, sabon ango, ina ji da kaina saboda ɗan Turancin da nake koyarwa. Matata kuwa tashin unguwar Muchia ce, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Kaduna ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Ta sha Yarbanci da yaren Ibo da buroka, wato Turancin kasuwa, tun tana rarrafe. Atamfa take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma duk wanda ya tsaya a rumfarta da yarensa take tarbarsa. Da farko abin alfahari ne a wurina. Daga baya na lura in mun fita tare ita ake gaisarwa ana raha, ni kuwa ina gefe kamar kurma, sai abin ya fara ci mini rai.

Shekarun nan ne wayar hannu ta shigo, na saya mata ɗaya. Sai wani ɗan Ibo mai sayar da kayan babur ya riƙa kiranta, su daɗe suna magana, wani lokaci ta yi irin dariyar da ban taɓa samu daga gare ta ba. Ta gaya mini gida ɗaya suka tashi, kuma yawanci tsohuwarsa ce ke karɓar wayar, wadda ta goya ta tana jaririya, ba ta jin Hausa sosai, ga shi tana fama da ciwo. Na ce ai mai son ɓoye magana ba ya rasa tsohuwar da zai fake da ita. Wata Asabar na bi ta kasuwa, na tarar da ita da mutumin suna hira, na ci mutuncinta a gaban maƙwabtan rumfa. Da muka koma gida na karɓe wayar, na hana ta zuwa Muchia, na ce kada in ƙara jin wani yare a bakinta sai Hausa.

Ta bi umarnina. Ba a daɗe ba tsohuwar ta rasu, aka ce har ƙarshe tana tambayar ina ɗiyarta, wato matata. Ranar da za a tafi da gawar kudu, mutumin ya zo har ƙofar gidana da matarsa da 'ya'yansa, ya gaishe ni da Hausa cikin ladabi, ya miƙa zanen goyon da tsohuwar ta bar wa matata. Na rasa inda zan sa fuskata. Matata ta tafi gidan iyayenta, sai da dattawan cocinmu suka yi ta sintiri kafin ta dawo. Da na ba ta haƙuri, abu ɗaya ta ce: "Malam, da ka ce in koya maka, ai da na koya maka."

Har yau muna tare, ta ce ta yafe, amma waccan dariyar ban sake jin ta ba. Na gane ba mutumin nake kishi ba, baiwar da Allah ya ba ta ya hana ni ce ta tsone mini ido. 'Yan'uwana maza, in matarka na jin yaren da ba ka ji, zauna ta koya maka ko gaisuwa ce. Abin da kunnenka bai fahimta ba, kada ka bar zuciyarka ta fassara maka shi.