Matar Siminti ta Gidan Italiyawa

Shekarar da kuɗin mai ya sa gwamnati ta buɗe firamare a kowane lungu, aka ɗauko ni daga Babura aka jefa ni wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa in koyar. Ban san kowa ba. Hedimasta ya ce babu ɗaki a cikin gari, sai dai gidan Italiyawa, wasu Turawa 'yan kwangilar hanya da suka gina shi a gindin dutse, suka gama aikinsu suka tafi. Ya tambaye ni ko ina da tsoro. Na ce a'a, don kunya.

Gida ne na gaske, amma ya mutu a tsaye. Fenti ya ɓare, gara ta cinye labule, jemagu sun gaje falo. A tsakar gida akwai wani kwarmi da aka ce da can ruwa ke tsartuwa a ciki. A tsakiyarsa suka bar mutum-mutumin mace na siminti, da tulu a kafaɗa, kanta a sunkuye kamar mai sauraro. Hancinta ya guntule.

A cikin wani kabad na tsinci littafin Turanci marar bango. Gajerun labarai ne na fatalwa, kusan duk a ƙasar masu gidan suka faru: manyan gidaje da arziki ya gudu ya bari, gansakuka a bango, tsofaffi masu ado da tufafin da suka ruɓe, da matattun mata waɗanda ba su yarda sun mutu ba. Da rana tsaka nake karantawa, duk da haka tsigar jikina na tashi. Abin da ya fi kama ni ba fatalwar ba ce. Mazan labaran ne, kowannensu shi kaɗai a ƙaton gida, har ya gwammace matacciya da shiru. Na ce ashe ina da dangi a Italiya.

Mutanen garin ba ƙina suke yi ba. Mu gaisa a masallaci, mu gaisa a hanya, shi ke nan. Bayan magariba maza kan haɗa kwanuka a zaure su ci tare, amma wa zai taka zuwa gidan da ko akuya ba ta shiga don ya kira baƙo? Ni kuma ban iya kai kaina ba. Sai in dafa shinkafa a risho in ci ni kaɗai, kuma kaɗaici ya ci ni fiye da yadda na ci shinkafar.

Da na gaji, na fara shimfiɗa tabarma a bakin kwarmin nan. A gidanmu ba a buɗe kwano a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, ko da maƙiyi ne. Ranar farko da wasa na ɗaga kai na ce wa matar simintin, "Bismilla." Daga baya wasan ya zama al'ada. In ba ta labarin aji, in yi mata gulmar Hedimasta, in fassara mata labarin ƙasarsu da Hausa. Ba ta taɓa katse ni ba, abin da ban samu ba wajen wani mai rai har yau.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ta hango ni ta katangar da ta zube, ina miƙa kwano ina dariya. Kafin Juma'a gari ya ɗauka aljana ta auri malami. Mai fura ta daina tsayawa. A sahu, sai na ga an bar mini fili dama da hagu.

Wata la'asar Liman ya zo da Hedimasta da dattawa biyu, ɗaya riƙe da gudumar magina.

"Malam, ba faɗa ya kawo mu ba," in ji Liman. "Kai amana ne a hannunmu. Mun yi sakaci, mun bar ka da ita."

"Allah ya gafarta Malam, ai siminti ne kawai."

"To madalla. In siminti ne, ai abin ya zo da sauƙi." Ya karɓi gudumar ya miƙo mini. "Irin waɗannan, in wani ya kore su, dawowa suke yi. Sai mijin da hannunsa."

Na dubi Hedimasta, ya sunkuyar da kai. Na san in na ƙi, na gama zama da mutane a garin nan. Na hau bakin kwarmin. Tulun na fara duka, don ban iya farawa da fuskar ba. Sauran suka ƙarasa suna ta addu'a.

Bayan magariba aka zaunar da ni a zauren Liman, tuwon dawa da miyar kuka, hannuwa da yawa a kwano ɗaya, kowa na yi mini barka da arziki. Ina kai lomar farko baki, hawaye ya zubo. Liman ya dube ni da tausayi, ya ce a ƙyale ni, ciwon ne ke fita.