Mutumin da Ke Faɗin Sunaye Kafin a Fara Kiɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Almustafa Dawuda a nan Riyad, bayan gajeriyar jinya. Yawancin waɗanda suka yi masa salla sun san shi a matsayin dattijon unguwar Ulaisha mai haɗa lasifika a ɗakunan taro. Kaɗan ne suka san cewa shekara goma sha tara ya yi yana yawon ƙauyuka da rikoda a kafaɗa, daga Funtuwa har Maraɗi, yana ɗaukar makaɗan noma da masu garaya da kukuma.

Baba, ni ne Kamil, wanda ka tsinta a makon da na sauka, ko iƙama, wato takardar izinin zama, ban samu ba. Kai ka fara kai ni kasuwar Aziziya, ka sayi kwalin tumatir ka raba mana gida uku, kana tsokanata wai injiniya guda bai san albasa mai kyau ba. A motarka na fara jin waƙoƙin makiyayan Amurka da ake kira kantiri. Ka ce abin da ke burge ka da su shi ne a bayan faifai sukan rubuta har sunan wanda ya kaɗa jita, alhali mu a wajenmu mawaƙi kaɗai ake sani.

Shi ya sa ka yi wa kanka ƙa'ida. A farkon kowane kaset, kafin a taɓa ganga, sai ka yi gyaran murya ka faɗi gari da rana, ka jero sunan mai kalangu, da 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya ɗinke fatar gangar, har matar da ta dafa muku tuwo.

Kaset ɗari biyu da sha biyu ka ba ni in mayar cikin kwamfuta, don sun fara lalacewa. Ni kuwa da iyayina, na ga wannan jerin sunaye ɓata lokaci ne ga mai saurare a waya. Na yanke shi daga kowanne, ban ajiye na asali ba. Da za ku sauya gida, ni ne kuma na ce a zubar da kasakasan tunda komai na hannuna. Ka yarda da ni, aka zubar.

Ba zan manta Juma'ar da na kunna maka ba. Kiɗa ya tashi kai tsaye, ka ɗaga kai ka dube ni.

"Kamil, ina mutanen?"

Wallahi dariya na yi, na ce yanzu wa ke da wannan haƙurin. Ba ka yi faɗa ba. Ka ce in zo da takarda da biro, yawancinsu suna kanka, za ka faɗa in rubuta. Na ce sai mako mai zuwa. Daga nan yau aiki, gobe cunkoson hanya, kullum bukra in sha Allah, wato sai gobe, kamar yadda Larabawa ke cewa. Wata goma sha ɗaya kana tuna mini, tsakanina da gidanka kuwa bai fi minti ashirin ba. Kaicona, Baba. Na cuce ka, na cuci mutanen da ban taɓa gani ba.

Bayan addu'ar uku, Hajiya Sailuba, mai ɗakinka, ta miƙo mini kaset guda da ya maƙale a tsohuwar rediyonka, shi kaɗai ya tsira. Na kunna, na ji gyaran muryar nan. Ka ambaci mutum takwas, har da Salisu mai ɗinkin fata da Inna Tabawa mai tuwo. Na mayar baya sau uku ina neman na tara. Ashe duk shekarun nan ba ka taɓa faɗin naka ba.

To, ga shi na rubuta: ɗaukar sauti, Almustafa Dawuda. Sauran da na goge ba ni da yadda zan dawo da su, sai dai Allah da bai manta sunan kowa ba Ya jiƙansu tare da kai.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Sailuba, da 'ya'yanka Zahida da Luƙman, da 'yan uwa na Funtuwa. Allah Ya ba ku haƙuri, ni kuma ku yafe mini.