Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka tashi muka tarar a ƙauyenmu, can gefen Maiyama: ɗan fari na kunya ne, kakarsa ke ji da shi, ke uwa ki kau da kai. "Kai, wanga," nake ce masa har ya yi gemu. Wani lokaci don tsokana sai ya ƙi waiwayowa, wai bai san da wa nake ba.

Lodin albasa yake yi a Aliero. Ranar wata kasuwar Jega mota ta kife da su, bai shura ba. Ina tankaɗe aka zo aka faɗa mini. Na ce innalillahi, na ƙarasa tankaɗena.

Ban yi kuka ba. Mata suka cika gida suna nuna ni da baki, wai ga mai tawakkali. Har malamar islamiyyarmu ta buga misali da ni. Ni dai na san ba tawakkali ba ne. Zuciyata ce ta yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Tuwo ba daɗi ba ɗaci. A asibiti aka ce jinina ya hau, in rage tunani. Wane tunani? Da ma akwai shi ai da na gode.

Salla kam ina yi, in sallame ban san me na karanta ba. Abin da ya tsaya mini shi ne addu'a. In na ɗaga hannu sai in ce, "Allah ka jiƙan wanga yaro," kamar ina roƙa wa ɗan maƙwabta.

Wata rana yayata ta zo daga Gehuru, ta ji ni bayan azahar.

"Wane yaro?" in ji ta.

"Yaya, Allah ya san shi."

"Ya san shi hwa. To kunyar wa kike ji? Surukanki ba su cikin sallakki. Ke Allah yab ba shi, kuma da suna nai."



Da la'asar, a sujadar ƙarshe, na faɗi sunan a hankali, bakina a jikin tabarma. Da ƙyar ya fito, harshena bai saba ba. Ranar ma ban yi kuka ba. Na dai daɗe ban ɗago ba, ina saurare ko zai amsa.